Sunayen da Lorna ta duba

Shekara ashirin da biyu Lorna Napurrurla ta yi a ƙaramin asibitin garinsu na cikin hamada. Ita ce tafinta, ita ce direba, ita ce mai lallashin masu tsoron allura. Duk baturiyar nas da jirgi ya sauke, a hannunta take koyon zama da mutane.

Ana nan sai aka ce za a yi wa ma'aikata horo kan al'adu. Wa aka ɗauko? Tameka, 'yar ƙanwarta da ta tashi a birnin Alice Springs, ko yaren garin ba ta iya ba, sai takardar jami'a. Lorna kuwa aka ce ta dafa shayi. Shayi fa! Kishi ya kama ta, ko abinci ta kasa ci.

"Inna, duba min sunayen nan," in ji Tameka. Tsofaffin mata ta gayyato, su zauna a ƙofar asibiti ranar Laraba su yi hira da ma'aikata.

Lorna ta duba, sai ga sunan tsohuwa Nampijinpa. Larabar nan kuwa Clem Jupurrurla, ƙanenta a dangi, zai kawo ƙafarsa da ciwon suga ya fara ci, bayan wata uku Lorna tana roƙonsa. Nampijinpa uwar matarsa ce, kuma a al'adarsu namiji ba ya kusantar inda surukarsa take.

"Ke da kika yi karatu? Ai sun yi," in ji Lorna. So take yarinyar ta kunyata gaban turawanta ko sau ɗaya.

Ranar Laraba Clem ya ɗingiso har bakin shinge, ya hango tsohuwar, ya sunkuyar da kai ya juya. Tameka ta bi shi tana "Kawu, shigo mana!" Matan suka yi mata ca. Lorna, da ke leƙe daga ciki wurin dafa shayi, ta ji daɗi, ba ƙarya.

Washegari da ta je gidansa, aka ce ya tafi daji wurin dangi. Sai bayan wata biyu aka kwaso shi, jirgi ya wuce da shi birni. A keken guragu ya dawo, an yanke ƙafar daga gwiwa.

Lorna ta je gaishe shi, tana kame-kame. "Yaran birni ne, ƙanena, ba su san komai ba."

"Haka ne, Yaya," in ji Clem, yana kallon ƙasa. "Na ce da kina wurin ranar, da ba a yi haka ba."