Konjen Haihuwa a Mangazar Alhaji

Ina ɗauke da cikin fari labari ya iso Gaya cewa Nasara sun yi doka: duk macen da ke aikin albashi, in haihuwa ta zo, a ba ta konje, wato hutu, kuma a ci gaba da ba ta wani abu daga albashinta har ta dawo. Lokacin ba a gina gada a kan kogi ba tukuna, a jirgi ake ƙetaro motocin Malanville, kuma a kan jirgin nan mijina yake aiki. Can ya ji direbobi na zancen, ya kawo mini shi gida tare da kifin miya.

Ni kuwa ɗinkin buhu nake yi a mangazar wani Alhaji mai sayen gujiya, wato ɗakin ajiyar kayansa. Mu mata ƙalilan ne, muna zama a inuwar bango da basilla da igiyar rama, muna toshe buhunan da suka yage. Alhaji ba mugun mutum ba ne. Tare suka taso da mahaifina a Tanda, shi ya sa Baba nake ce masa.

Na daɗe ina jin nauyin tayar da maganar. Sai da ƙafafuna suka fara kumbura na same shi bakin sikeli, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na ji.

Ya ce, "Ni ma na ji, ɗiyata. An tara mu an karanta mana. Doka ce mai kyau. Amma wanda ya yi ta bai sa hannu a aljihunsa ba, a nawa ya sa. Lanhon da nake biya duk shekara, harajin nan, ina yake zuwa?"

Na ce, "Baba, ban san inda yake zuwa ba. Na dai san sunkuyo ya fara gagarata."

Ya ɗan yi murmushi, ya ce in tafi, zai yi abin da aka ce.

Ya kuwa cika alkawari. Na tafi Tanda goyon ciki wajen Inna, na haifi ɗiya mace, kuma duk ƙarshen wata mijina kan zo da saƙon Alhaji. Abin bai shiga kan Inna ba. Tana ɗora mini ruwan wankan jego ta ce, "Wai biyan ki ake don kin kwanta? Da na haife ki, matan gidan nan suka yi mini daka, suka ɗebo ruwa, suka nome mini gayauna. Da tasu haihuwar ta zo na rama musu." Na ce mata a mangaza ba mai ɗinka buhuna don zumunci. Ta ce to, ku kuka san garinku.

Da na koma na tarar da aikina yana nan. Amma da kaka ta yi aka nemi ƙarin hannu, ƙanwata, sabuwar amarya, ta je nema, Alhaji ya mayar da ita ya ɗauki maza. Bai ɓoye mini dalili ba. "Nauyinki ke ɗaya na iya ɗauka," in ji shi. "In kuka haihu ku duka a shekara guda, rufe mangaza zan yi."

Ƙanwata ta fi jin haushina a kan nasa, kuma ban ga laifinta ba. Ta kama suyar kifi a bakin kogi. Da ta haihu, ko arba'in ba ta yi ba ta koma gaban kasko da jariri a baya.

Daga baya aka ce an kafa asusu, duk masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zubawa, daga ciki a biya masu jego. Na ga hankali a wannan, tunda nauyin ba zai faɗa kan mutum ɗaya ba. Sai dai asusun bai san da mai suyar kifi ba, bai san da matan gona ba, kuma har yau ban san wa ya kamata ya ɗauki nasu ba.

Alhaji bai sake ɗaukar mace ba har ya bar sayen gujiya. Tsoffin abokan ɗinkina suka watse ɗaya bayan ɗaya, na rage ni kaɗai cikin maza. Da na sami ciki na biyu ɓoye shi na yi, har ya fi ƙarfin zane.