Ranar da Kwamfuta Ta Cinye Gaisuwar Baffa

Abubuwa da yawa sun shige mini duhu a zaman aurena, amma makon da maigidana ya shigo mana da wata tsohuwar kwamfuta gidanmu na Takur, wannan kam ba zan manta da shi ba sai dai in ƙasa ta rufe idona. Shi mutum ne mai son tarkace. Malami ne a Kafin Hausa, amma in ya ga tsohon agogo ko mataccen rediyo a wurin 'yan gwangwan, sai ka rantse gadonsa ya tsinta.

Daga Kano ya ɗauko ta, rungume a ƙirji kamar jaririya. Wani faffaɗan akwati ne ruwan ƙasa mai maɓallai, ba ta da allon kanta, sai an jona ta da talabijin. Ya ce ta girme ni. Na ce, "To madalla, mun yi yaya. A ina za a shimfiɗa mata?" Bai ko kalle ni ba.

Daga ranar talabijin ɗin falo ya zama nata. Ya zauna yana tsinken maɓallai da yatsa biyu, in ya kuskure harafi ɗaya ta yi masa tsiwa da Turanci, shi kuma ya ba ta haƙuri. Ranar da ta yarda ta cika allon da "sannu da zuwa" daga sama har ƙasa, kirana ya yi ta ƙwalawa har na bar miya a wuta. Na ce, "Malam, wayar da ke aljihunka fa da Makka take magana." Ya ce ni ban san daraja ba. Muna tsaye aka ɗauke wuta, duk wahalarsa ta bi ruwa, don baiwar Allah ba ta riƙe komai a ka. In kana son aikinka ya kwana, sai ka jona ta da rakoda ta juye shi a kaset. Kaset kuwa yanzu sai an tona.

A nan gabana ya faɗi, don kaset ɗaya na sani a falon nan, kuma ba na wasa ba ne. Surukina, Baffa, makiyayi ne. A zamaninsu in sun yi kudu da shanu da rani ba wasiƙa suke aikowa ba, magana suke ɗauka a kaset su ba matafiyi. A tafiyarsa ta ƙarshe ya aiko wannan, bai kuma dawo ba. Inna, mahaifiyar maigidana, a wurinmu ta ajiye shi saboda mu kaɗai ke da rakoda mai rai. Duk zuwan da za ta yi daga ruga sai ta saurare shi.

Na san mijina in abu ya shiga kansa. Sai na zare kaset ɗin Baffa daga gidansa na roba, na ɓoye a ƙasan kwallata, na maye gurbinsa da wani tsohon kaset na kiɗan ƙwarya da na tono a ɗakina. Dukansu baƙaƙe ne, ba rubutu. Washegari ya zo yana washe baki, wai ya samu kaset, aikinsa ya kwana lafiya. Na ce a raina, ai ga shi nan, ya taka. So nake Inna ta zo ya sha zufa tukuna, sannan in fito da na gaskiyan in ci gari. Har na tanadi dariyar da zan yi.

Ranar Juma'a sai ga Inna da ƙwaryar nononta. Ta huta, ta yi la'asar, ta dubi ƙasa ta ce, "A sa mini abin nan." Ba ta faɗin sunan ɗanta, ɗan fari ne. Maigidana ya miƙe ba ko ɗar, ya ɗauko gidan robar, ya zaro kaset ɗin ya saka. Maimakon in ji ƙarar kwamfuta, sai kiɗan ƙwarya ya kece, mata na rangaɗa guɗa. Inna ta ɗago kai. Shi ya dube ni, ni na dube shi.

Na ce, "Malam, ba a kan wannan ka juye aikinka ba?"

Ya ce, "Haba, hauka nake? Ai na san na Baffa ne, ban taɓa shi ba. Wani na samu a ƙasan kwallarki."

Wallahi sai na ji falon yana juyawa. Ramin da na gina wa wani, ni na faɗa, kuma na ja tsohuwa muka faɗa tare. Na faɗi abin da na yi. Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "'Yar nan, ɗauko shi mu ji."

Aka saka. Wata ƙara ta tashi, tsiiii, kamar an tara gyare dubu a tukunya. Mijina ya dafe kai, hawaye na zubo masa, ni kuwa ƙasa nake roƙo ta tsage. Ya kai hannu zai kashe, Inna ta ce, "Bar shi." Ta gyara mayafi, ta runtse ido, ta fara magana a kan ƙarar nan da irin jan muryar Baffa: "Salamu alaikum. Ina gaida mutanen gida. Ina gaida manya, ina gaida yara. Yaya rani, yaya ruwa, yaya 'yan maruƙa?" Haka ta bi gida gida, ruga ruga, har da saniyar da ya bari da ciwon ƙafa. Ashe duk shekarun nan ta haddace.

Tana kaiwa ƙarshe ƙarar ta yanke, sai muryar Baffa ta shigo, garau, kamar yana bakin ƙofa: "To, bayan gaisuwa." Ɗan aikin mijina gajere ne, Baffa kuwa ba ya gaisuwar gaggawa. Gaisuwar kaɗai kwamfutar ta iya cinyewa, saƙon duk yana nan.

Da kaset ya ƙare Inna ta share ido ta dubi akwatin, ta ce, "Wannan baƙuwar taku ba ta da tarbiyya. Babba na gaisuwa tana sa baki." Muka yi dariya da hawaye. A ranar mijina ya kwashe muryar a waya, abin da ya kamata mu yi tun tuni.

Har yau muna gardamar wanda ya fi laifi, ni dai na tsaya a kan shi ne, me ya kai shi kwallata? Inna ta rasu bara, kwamfutar tana nan kan kabad. In mun saurari kaset ɗin, mu biyu muke cike gaisuwar da baki, kuma kullum sai mun yi tuntuɓe. Na koyi cewa abin da ba a iya mayarwa ba a ɗana tarko da shi, ko da na wasa ne. Kuma tun daga ranar, in tsoho ya ja gaisuwa, ba na katse shi.