Ranar da Kawu Ya Ƙi

Bakina ne ya jawo, ba na musu. Malamin tarihi ne ni, kuma ciwonmu ɗaya ne: ba ma iya jin kwanan wata mu yi shiru.

Kawu, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina firamare. Da zuciya ta fara ba shi wahala, na yi ta fafutuka har na kawo shi Doha da bizar ziyara. Likita ya ce jijiya ce ta toshe, sai an yi aiki, ya ba mu sha biyar ga Maris.

Da yamma nakan kai shi Corniche, hanyar bakin teku, ya ɗan taka. Taku ashirin sai ya nemi benci yana haki. Rannan muna kallon jiragen ruwa na katako, ya ce, "Ɗan nan, ranar ba Laraba ba ce ko? Ban cika son Laraba ba."

Na ce, "Haba Kawu, rana ai rana ce." Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Ina! Sai na ɗauko masa Rumawan dā, wai don in nuna masa yadda mutane ke ƙirƙiro camfi. Na ce wannan sha biyar ga Maris ɗin ma, a wurinsu ranar tsakiyar wata ce kawai, ana yanka tunkiya, a fita bakin kogi a ci a sha. Sai wata shekara 'yan majalisa suka taru suka daddaɓa wa shugabansu wuƙa a ranar, har da amininsa a ciki, bayan wani boka ya ce masa ya kiyaye ta. Marubuta suka yi ta maimaitawa har ta zama ranar tsiya. Na ƙare da murmushi, "Ka gani, Kawu, ranar ba ta yi laifin komai ba."

Kawu ya juyo gare ni. Ya ce, "An gargaɗe shi?"

"An gargaɗe shi."

"Ya ƙi ji. Kuma wuƙa aka sa masa." Ya dafa ƙirjinsa. "To ni me za a sa min?"

Wallahi daga nan ya kafe, ya ce ba za a yi masa aiki a wannan ranar ba.

Babu wanda ban kawo ba. Matata ta yi kuka. Wata nas 'yar Jos da ke sashen zuciya ta zauna ta lallashe shi, "Baba, kullum muna yin irin wannan aikin." Na kai shi wurin limamin unguwarmu a Nu'aija, ya yi masa nasiha a kan camfi. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya ne, shi ma yana hana yaransa. Muna fitowa ya ce min, "Ni ba camfi nake ba. Shekara saba'in ban taɓa jin labarin nan ba, sai da aka sa min ranar Allah ya buɗe bakinka. A sauya kawai."

Na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Ya dube ni kamar na dawo ɗan firamare, na sunkuyar da kai.

Asibiti suka ce wata ranar sai bayan mako shida. Bizarsa saura kwana goma sha biyu, kuma an riga an ƙara masa sau ɗaya. Na yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan, kowa ya ɗaga hannu ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Likita ya rubuta magunguna, ya ja ni gefe ya ce kada Kawu ya hau bene, kada ya yi nisa da asibiti. Ƙauyenmu awa uku ne zuwa asibitin da ke da iskar oksijin.

A filin jirgi a keken marasa lafiya aka tura shi. Kafin a wuce da shi ya kamo hannuna, tafinsa sanyi ƙalau.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Karatun da na sa ka bai tashi a banza ba. Da ba ka faɗa min ba, da na shiga."

Na ce amin.