Ni Na Ba Da Sunan Anti Saude

Duk garin Gaya an ɗauka Alhaji, mai gidana, ne ya cuce ni, wai yarinya ce, ba ta san komai ba. Ƙarya ne. Na san abin da nake yi sarai. Kuma abin da ya hana ni sakat ba shi ne ya kai ni gidan yari ba.

Da na gama sakandare na samu aiki a shagon iri da maganin feshi. Gab da damina Alhaji, mai shagon, ya kai ni sito ya nuna min baho da jan rini. Masarar kasuwa za mu rina, mu ɗura a leda mai tambari, mu ce ingantaccen iri ne. Ya ce, "Nan wurin rufin asiri ne, kin gane?" Na gane. Ya saya min waya.

Manoman ƙauyukan Balan da Toranke suka shuka, rabin gona ba tsiro. Wani tsoho ya zo da ruɓaɓɓun ƙwayoyi a cikin hularsa, yana tambaya ko ƙasarsa ce ta gaji. Na ce, "Baba, kai ne ka zurfafa rami."

Anti Saude, bazawarar da ke liƙe mana ledoji, tana ji. Yana fita ta ce, "Ke ko kunya? Sa'an kakanki fa!" Na ce, "Anti, liƙi ne aikinki, ki haɗa da bakinki." Bayan 'yan kwanaki ta ja ni gefe ta ce ta kai rahoto wurin jami'an gona, sun yi alkawarin ɓoye sunanta. Ta faɗa min ne don in tsame hannuna da wuri.

Su sun cika alkawari. Ni ce na kai wa Alhaji sunan. Ya kore ta, ya ɗora mata satar maganin feshi, na tsaya gaban mai unguwa na ce da idona na gani. Ba ta yi kuka ba. Dubana ta yi ta ce, "To, 'yar nan." Har yau ina jin muryar, ko a sallah. Babu wanda ya ƙara ɗaukarta aiki, ta kwashe yaranta ta koma garinsu, Kademi.

Da masu bincike suka zo, Alhaji ya tsere. Ni aka samu a kan baho.

A gidan yari na ba wata lauya mai kawo mana ziyara labarin. Ta ce kariyar ma'aikacin da ya tona ɓarna ba ta yi ƙarfi ba tukuna, amma korar zalunci da ƙazafi ana kai su kotu, in akwai shaida. Na ce, "Wa zai yi mata shaida?" Ta ce, "Wa ya yi a kanta?"

'Yan'uwana matasa, in mai gida ya ce muku rufin asiri, ku tambaya asirin wa, kuma wa zai kwana da yunwa. In ba za ku iya magana ba, to kada ku miƙa wanda ya iya.

Na fito, na tuba, amma a Kademi har yanzu ɓarauniya ake ce wa uwar yaran nan. Ummata ta ce in bari maganar ta mutu. Ba zan bari ba. Asabar zan hau babur in je. In Anti Saude ta yarda, mu tafi wurin lauyar tare. In ta ƙi ganina, zan tsaya a ƙofar gidansu in faɗa da ƙarfi cewa ƙazafi na yi mata, maƙwabta su ji.