Silifa a Gindin Tsani

Shekarun baya da ɗan dama, lokacin ina ɗaliba, makarantarmu ta tura ni zaman sanin makamar aiki a wani kamfanin casar shinkafa da ke bakin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram. Abin da nake karanta shi ne kiyaye lafiyar ma'aikata a wurin aiki. Amma a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya. Tun a cikin mota na gama tsara labarina: zan shiga ofis mai sanyi, wani kyakkyawan saurayi zai ɗago kai daga kan tebur, idanunmu su haɗu, shi ke nan.

Abin da na tarar shi ne ƙurar ɓuntu. Tana shiga hanci, tana shiga shayi, ko waya ka ajiye kafin ka waiwayo ta yi fari. Aka ba ni hular kwano na ɗora a kan hijabi, da takalmi mai nauyi kamar na soja. Mahaifiyata da ta ga hotona sai da ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Wannan ai ko aljani ya gan ki sai ya canza hanya."

Duk da haka na sami jarumina, ko da yake shi bai san an naɗa shi ba. Shi ne mai kunna inji, dogo mai wushirya, ba ya son yawan magana. In ya ce min "Malama, matsa," sai in kwana ina juya kalmar.

A bayan ɗakin inji akwai wani ƙaton rumbun ƙarfe da ake tara shanshera, shinkafar da ba a casa ba. Tsani ne ke kai mutum samansa, inda akwai 'yar ƙofa. In aka kunna inji, ta ƙasa yake zuƙe shinkafar, kuma duk wanda ke ciki a lokacin, da shi za ta nutse kamar ruwa ya ja shi. Ma'aikatan suna da al'adarsu: wanda zai shiga rumbu, sai ya cire takalminsa ya ajiye a gindin tsani. Mai kunna inji ba ya taɓa makunni sai ya leƙa wurin.

Ni kuma a makaranta an koya mana a sa kwaɗo a jikin makunni, mai shiga ya riƙe makulli. Na sayo ɗan jan kwaɗo na kawo. Ranar suka yi ta dariya, suka sa min suna Hajiyar Kwaɗo. Wani ya ce, "Malama, wannan ai na akwatin lefe ne, ki adana abinki."

Inna mai abinci, wata dattijuwa da ke sayar musu da shinkafa da wake a bakin ƙofa, ita ta gaya min asalin al'adar. Muna zaune ina taya ta yankan albasa, ta ce, "'Yar nan, ai da jini aka saye ta. Can farkon kafa wurin nan akwai wani bawan Allah mai sharar rumbu. Kullum da wasu shuɗɗan silifa yake yawo, igiyar ɗaya ta tsinke ya ɗaure da jan waya. Ya cire su ya hau, ba wanda ya lura, aka kunna inji. Silifan nan su suka nuna inda yake, amma an makara."

Na ce, "Allah ya jiƙansa. Ina silifan?"

"Da hannuna na sa su a leda na ba ƙaninsa," in ji ta. Sai ta ci gaba da juya miya.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce. Da hantsi wata babbar mota ta kawo shanshera daga Gwaram aka sauke. Sai aka ɗauke wuta. Da rana ta take, mazan duka suka yi alwala suka nufi masallaci a cikin gari, Inna ma ta rufe tukwanenta ta tafi gida. Ni ina fashin salla, sai na zauna a inuwa da littafina.

Wanda ya saba da rugugin inji ne kaɗai ya san yadda shirun kamfani yake. Kamar an toshe wa duniya baki. Ba iska, ba motsin ganye. Sai na lura tattabarun da ke kwana a rufin rumbu sun tashi gaba ɗaya, suna ta kewaya shi, sun ƙi sauka. Na daɗe ina kallonsu. Daga baya na rufe littafin na taka zuwa bayan ɗakin inji, ban san dalili ba.

A gindin tsani na gan su. Shuɗɗan silifa, an jera su daidai, bakinsu na kallon tsani. Ɗaya an ɗaure igiyarsa da jan waya. Duk abin da ke wurin ya yi fari da ƙura, har ƙarfen tsanin, amma su tas suke kamar yanzu aka wanke.

Tsigar jikina ta tashi. Na yi ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum! Akwai mutum a ciki?" Ba amsa. Na kasa kunne a jikin ƙarfen, zafinsa ya ƙona ni, na ji kamar wani abu ya ce ƙwas, sau ɗaya, can sama. Ko ƙarfe ne rana ta gasa, ban sani ba. Na so in hau, tsoro ya hana ni. Abin da na iya kawai, na ruga ɗakin inji, na datse makunni da jan kwaɗona, na cusa makullin cikin safata.

Suna dawowa daga masallaci aka kawo wuta. Nan take wuri ya hargitse, kowa na sauri kafin a sake ɗaukewa. Mai kunna inji ya shiga ɗakinsa ya fito fuska a ɗaure.

"Malama, ba lokacin wasa ba ne. Kawo makulli."

"Malam, akwai takalmi a gindin tsani."

Ya je ya duba, ya dawo ya bi ma'aikatan da ido ɗaya bayan ɗaya. "Ga mu nan duka, kowa da takalminsa a ƙafa. Wani ne ya yar da tsummansa. Kawo."

Direban motar Gwaram ya sa baki, "Hajiya, ki yi wa Allah. Ni fa sai an casa zan ɗauki kaya in koma."

Matasan suka fara tsokana, wani na cewa littafin soyayya ne ya hau min kai. Amma na ga tsofaffin ma'aikata biyu sun tsaya daga nesa suna kallon silifan. Inna ta iso da tirenta a ka. Tana hango su ta sauke tiren a hankali ta ce, "Inna lillahi."

Na dubi mai kunna inji na ce, "Ku kuka ce in da takalmi ba a kunnawa. Ni ban san na wane ne ba. A hau a duba, in ba kowa ku kira ni duk sunan da kuke so."

Mai kunna inji ya kalle ni, kallon da na yi watanni ina jira, sai dai ba irinsa na yi fata ba. Ya ja tsaki, ya cire takalminsa ya ajiye a gefen silifan, ya hau. Muna ƙasa muna kallonsa ya leƙa 'yar ƙofar, ya haska da wayarsa. Sai ya juyo ya kwarma ihu, "Igiya! Ku kawo igiya! Mutum ne!"

Abokin aikin direban ne, wani magidanci mai furfura a gemu, wanda ya zo tare da motar. Direban ya ɗauka ya tsaya a kasuwa bayan salla, shi ya sa ba a neme shi ba. Ashe ko masallacin bai je ba. Saman rumbun ya hau, ya faɗa ciki, ya bugu a kai, shinkafa ta riƙe shi har ƙirji, ƙura ta shaƙe masa murya. Mukullin motar da ke hannunsa yake ɗan bugawa a jikin ƙarfe in ƙarfi ya zo masa. Da ƙyar maza suka zaro shi.

Da aka kwantar da shi a inuwa aka yayyafa masa ruwa, ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da 'ya'yan tattabara biyu, da ransu. Matarsa ce ta haihu, in ji shi, tana sha'awar farfesunsu, ya ce bari ya yi wuf ya ɗauko kafin a tayar da salla.

Direban ya ce, "Kai, tsohon banza! Ka bar Juma'a saboda tattabara?" Yana faɗa yana share hawaye da hularsa. Kowa ya yi dariya, irin dariyar da ake yi in tsoro ya wuce.

Na yi niyyar in je in ɗauko silifan in miƙa masa, sai idona ya sauka a ƙafafunsa. Takalminsa na roba baƙi yana nan a ƙafarsa, duka biyun, cike da shanshera.

Na ce, "Baba, ba kai ka ajiye silifa a gindin tsani ba?"

Ya dube ni. "Wane silifa, 'yata? Ni yau na fara shigowa gidan nan. Da na hau ba komai a wurin."

Muka koma bayan ɗakin inji, ni da Inna da mai kunna inji. Takalminsa na nan inda ya cire. A gefensa ba komai, sai shatin silifa biyu a cikin ƙura. Aka tambayi kowa, ba wanda ya ɗauka. Inna ta sa tsintsiya ta share wurin, ta ce, "A yi masa addu'a kawai."

Bayan an kai mutumin babban asibitin Birnin Kudu, mai kunna inji ya zo ya ce, "Malama, a ina ake sayar da irin kwaɗon nan?" Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi min. Kafin in gama zamana ya auri 'yar kawunsa, har na ci alkakin bikin.

Na sha juya abin a raina. Mai yiwuwa wani ne ya yi wasa ya ji kunyar faɗa. Allah ne masani, ban ce na ga aljani ba, ban ce na ga fatalwa ba. Na dai san na je neman labarin soyayya, kuma na same shi a aljihun wani dattijo, yana motsi da fukafukai. Yanzu ni ke horar da wasu, jan kwaɗon nan kuma yana cikin jakata. Amma har yau, ko a ƙofar masallaci na ga takalmi an jera shi ba mai shi a kusa, sai na tsaya na ce, "Akwai mutum a ciki?" Kuma ina jiran amsa.