Ranar da Na Yi wa Malamar Rashanci Gardama

Ina shekara ta biyu a kwalejin koyon aikin akawu a Kaduna na fara koyon Rashanci, ko da yake ba ya cikin darussanmu. Matar malaminmu na lissafi ce ke kula da ɗakin karatu. Dattijuwa ce doguwa, haifaffiyar Rasha, iyayenta suka fito da ita tana budurwa, ba ta sake komawa ba. Wata rana na ga littafi buɗe a teburinta da haruffan da ban taɓa gani ba, wasu kamar ƙofar zaure, wani kamar gizo-gizo ya miƙe ƙafafu. Na tsaya ina kallo har ta tambaye ni ko ina so in iya karanta su.

A lokacin kaina cike yake da ƙananan littattafan soyayya da fatake ke kawowa daga Kudu, suna baza su a tabarma a Babbar Kasuwa. A cikinsu duk wanda ya so wata, komai wuyar da zai sha, shafin ƙarshe ɗaurin aure ne. Sai na ɗauka ƙasar da ƙanƙara ke rufe gidaje, soyayyarta za ta fi wannan daɗi.

Kowace Asabar bayan la'asar nakan hau keken Baba daga Unguwar Shanu zuwa gidanta. Haruffan ba su ba ni wuya ba, don wanda ya yi makarantar allo ya saba da hadda. Bayan wata uku ta fara ba ni gajerun labaran ƙasarsu da ta juya zuwa Turanci da hannunta, in karanta a gida, in na dawo mu tattauna. A nan na fara ɓata mata rai ban sani ba.

In ta ce marubuci ya kyauta a wuri kaza, sai in sunkuyar da kai in ce haka ne, Malama. In mako ya zagayo ta ce ta sake tunani, wurin bai yi ba, in ce haka ne, Malama. Haka aka rene mu. Ba a kallon malami ido cikin ido, balle a musa masa. Ita kuwa ta ce a gidan ubanta akan yi ta gardama a kan littafi har shayi ya huce, kuma wanda ya yarda da komai, ana ɗauka ko bai karanta ba ko ya raina mutane. Ranar nan ta miƙo mini sabon labari ta ce, "Ba bango nake nema in yi wa magana ba. Asabar mai zuwa in ba ka da abin faɗa na kanka, kada ka wahalar da kekenka."

Na kai wa Baba maganar. Shi da ya daɗe yana aikin ofis, ya ce bai taɓa musa wa na gaba da shi ba, kuma wataƙila tarbiyyata take gwadawa. Inna ta ce in kai mata ƙwan zabi in ba ta haƙuri.

Labarin kuwa na wani likitan dabbobi ne a ƙauye, da ya so wata mai ɗinki shekara bakwai bai furta ba. Kullum yakan kai mata riga a gyara, ko ba ta yage ba. Daga ƙarshe aka mayar da shi wani gari, ta raka shi bakin hanya, suka yi maganar ciyawar doki, ya tafi. Shi ke nan. Na juya bayan takardar ko akwai saura, babu. Kwana biyu abin yana cina.

Ran Asabar na cire takalma a bakin ƙofa, na ajiye ƙwan, na zauna. Ta tambaye ni yadda na ga labarin. Saura kaɗan bakina ya faɗi abin da ya saba. Ina kallon ƙasa na ce, "Malama, ki gafarce ni, amma marubucin nan ya zalunci mutanen nan."

Ta ce, "Ɗago kanka ka maimaita."

Na ɗago. Na tambaye ta ko likitan ba shi da kawu ne, ko aboki, da zai aika ya yi wa matar magana, tunda shi nauyin baki ya hana shi. Ta ce ba kowa ke da kawu ba, kuma matar ta sani tun farko, wataƙila sanin ya ishe ta. Na ce ba wanda sani kawai ke isa. Ta ce littattafan kasuwa sun lalata ni. Na ce ko ba komai masu rubuta su suna tausayin mutane. Ta yi dariya har da buga tebur, abin da ban taɓa gani ta yi ba.

Muna nan aka kira magariba. Na fita baranda na yi salla, na shafa addu'a, na waiwayo na gan ta tsaye a ƙofa da littafin asali na Rashanci, ta sa yatsa a shafin farko. Ta ce daga mako mai zuwa layi-layi za mu bi shi, in ga inda na yi kuskure da idona. Wata biyar muka yi a kansa. Da muka gama ban sauya ra'ayi ba, ita ma haka.

Amma a ranar, da na koma gida, Baba ya tambaye ni ko ta haƙura. Na ce ta haƙura. Sauran ban gaya masa ba.