Babu Abin da Ya Same Su

Shekara goma sha tara na yi ina aikin nas tare da ita, kuma har yau in na bi ta gaban ɗaki mai lamba shida na ga kwalaye jibge a ciki, sai zuciyata ta tafasa.

Likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ce. A gabanta muna ce mata Likita, a bayan idonta kuwa Rage-Gishiri, don ko gaisawa ka tsaya yi da ita sai ta tambaye ka gishirin miyar gidanku. Tana aji uku na sakandare mahaifinta, direban babbar mota, ya sunkuya zai ɗaura takalmi ya kife, ɓarin jikinsa ya shanye. Shekara shida tana ba shi abinci a baki da cokali kafin ya rasu. Sai da ta yi karatu ta gane hawan jini ne ya daɗe yana cin sa a ɓoye, kuma ƙwaya ɗaya a rana za ta iya tare abin. Wannan takaici bai taɓa sakin ta ba.

Abokan karatunta suka bi manyan injina da ɗakin tiyata. Ita kuwa ta yi ta naci har aka ba ta ɗaki na shida duk ranar Talata: tebur, benci biyu, sikeli, da abin awon jini. A nan take tare mutane tun suna kan ƙafafunsu. Ba ta da lallashi ko kaɗan. In ka ce mata ka daina shan magani don ka ji sauƙi, za ka gwammace ba ka zo ba.

Cikin masu zuwa akwai wani dattijo tela, wanda shekara goma sha ɗaya bai taɓa fashin Talatar farkon wata ba. Ranar da ta fara ce masa ya riƙa motsa jiki, cewa ya yi, "Haba 'yata, ƙafar nan tun safe take taka keke."

"Ɗayar fa, Baba? Aro ka karɓo ta?"

Ya yi dariya har da tari, amma ya fara zagaya filin ƙwallo kowace safiya. Jakar da muke sa abin awon jini ma shi ya ɗinka mana.

Sai aka kawo sabon shugaban asibiti, mutumin da bai san komai ba sai abin da zai shiga rahoto. Ya kira mu ofis, na ɗauko rajistarmu mai sunan mutum ɗari huɗu.

"Likita, ɓangaren tiyata sun nuna mini mutanen da suka ceto. Ke waɗannan ɗari huɗun naki, me ya same su?"

"Babu abin da ya same su, ranka ya daɗe."

"To kin gani!"

"Ai shi ne aikin," in ji ta. "Kada wani abu ya same su."

Wallahi a kan idona ya rubuta a takardarsa: babu komai. Ya ce asibiti na marasa lafiya ne, masu lafiya su bi layin kowa da kowa. Kafin mako ya zagayo an fitar da bencinmu an zuba kwalaye. Likita ta rubuta wasiƙa uku, ko ɗaya ba a amsa ba. Ni kam na daina gaishe shi, ko a jikinsa.

Layin kowa da kowa kuwa, ka zo da sassafe a gan ka da la'asar, kuma kullum sabuwar fuska ce za ta duba ka. Mutanenmu suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Likita tana kiran wasu a waya, amma ɗari huɗu sun fi ƙarfin mace ɗaya mai zagayen marasa lafiya.

Wata bakwai bayan haka, wata Alhamis da hantsi, aka turo tela a keken marasa lafiya. Bakinsa ya karkace, hannunsa na dama, na riƙe almakashi, yana lilo. Matarsa ta ce sau biyu ya je layin ya wuni ba a gan shi ba, magani ya ƙare, ya ce ai ba ya jin komai. Likita ta durƙusa a gabansa. Ya yi ta ƙoƙarin cewa "'yata", kalmar ta ƙi fita.

Na ɗauki fayil ɗinsa na hau bene, ban ƙwanƙwasa ba. Na dire shi a kan teburin shugaba.

"Ranka ya daɗe, ga ɗaya an samu. Abu ya same shi. Sai ka rubuta."

Da na sauko an kawo abincin rana. Na tarar da Likita zaune a bakin gadon tela, ta tallabe masa haɓa, tana kai cokali ta ɓangaren da bai mutu ba. Matar tela ta ce, "Likita, kawo mana, ai ba aikinki ba ne."

Ba ta ɗago ba. "Bar shi, Mama. Na iya. Tun ina aji uku na koya."